Jirgin Ruwa A Kan Teburi: Abin Da Matashi Mai Waya Zai Koya Daga Katako Da Zare

Akwai wani nau'in bidiyo da yake yawan faɗowa a TikTok da YouTube da Facebook. Hannaye biyu ne a kan teburi, da 'yan siraran katako, da reza, da gam. Kafin minti ɗaya ya cika, haƙarƙarin jirgi ya miƙe, an lulluɓe shi da katako, an kafa ginshiƙai, an ja igiyoyi kamar saƙar gizo-gizo. Sai ga jirgin ruwa irin na shekara 200 da suka wuce zaune a kan teburi, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Mai kallo ya danna alamar so, ya tura wa aboki, ya wuce bidiyo na gaba. Abin da minti ɗayan nan ya ɓoye masa shi ne cewa aikin ya ci wata shida, ko shekara guda, wani ma shekara uku.

Mafi yawan matasa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin nishaɗin tsofaffin Turawa da suka yi ritaya, waɗanda ba su da abin yi sai kashe lokaci. Wannan fahimta ta yi gajarta. Haɗa ƙaramin samfurin jirgin ruwa mai tafiya da iska yana ɗaya daga cikin hanyoyi mafi arha da matashi zai bi ya ɗanɗana aikin injiniya na gaskiya: karanta zane, auna abu daidai, sanin halin kayan aiki, da gyara kuskure da hannunsa. A lokacin da miliyoyin matasa suka ƙware wajen amfani da na'urorin da wasu suka ƙera, amma kaɗan ne suka taɓa ƙera wani abu daga farko har ƙarshe, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Mene ne ainihin aikin?

Samfuri ya bambanta da abin wasa ta hanya guda: ma'auni. Wanda ya sassaƙa katako ya yi masa siffar jirgi ya yi abin wasa. Wanda ya ɗauki jirgi na gaske ya rage kowane sashe nasa da adadi ɗaya, shi ne ya yi samfuri. Idan aka rubuta 1:100, ana nufin santimita ɗaya a kan teburi tana wakiltar santimita 100, wato mita ɗaya, a jikin jirgin gaske. Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a Sikotland a 1869 domin ɗauko ganyen shayi daga Sin, gangar jikinsa ta kai kusan mita 65. A ma'aunin 1:100 za ta dawo santimita 65. Ƙofa, tsani, igiya, har kaurin katakon da ake takawa, duk sai sun bi wannan ragin. Da zarar abu ɗaya ya saɓa, ido zai kama shi ko da mai kallo bai san dalili ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce a fara da ƙashin bayan jirgi, wato doguwar itaciyar da ke ƙasa daga goshi zuwa baya. A kanta ake jera allunan da ke ba jirgi siffarsa, kamar yadda haƙarƙari ke ba ƙirji siffa. Daga nan a rufe su da siraran katako ɗaya bayan ɗaya. Sai dandamalin sama, sai ginshiƙai, sai igiyoyi, sai filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Wasu sukan sayi kwali da aka yanka komai a ciki da na'urar leza, irin waɗanda kamfanonin Amati na Italiya, Billing Boats na Danmak da OcCre na Sifaniya ke sayarwa. Wasu kuma daga zane kawai suke farawa, su yanka kowane yanki da kansu.

Sana'a ce mai dogon tarihi

A 1920 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in fadar Masar da ya rayu kusan shekara 4,000 da suka wuce, a kusa da Luksor. Sun tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu da igiyoyinsu. A yau wasu suna gidan tarihi na Alƙahira, wasu suna gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Jiragen gaske da aka kwaikwaya sun ruɓe tun tuni, amma ƙananan sun tsira, kuma suna cikin abin da masana ke dubawa su fahimci yadda ake tafiya a kogin Nilu a wancan zamani.

A Ingila, daga tsakiyar ƙarni na 17, an riƙa yin samfuran jiragen yaƙi masu tsananin kyau, galibi a ma'aunin 1:48, ana barin ƙasan jirgin a buɗe domin a ga jerin haƙarƙarinsa. Da yawa daga cikinsu suna gidan tarihin sufurin ruwa na Greenwich a Landan. Haka kuma a ƙarni na 19 maƙeran jirage a Birtaniya da Amurka sukan sassaƙa rabin gangar jirgi a katako, su gyara siffar da ido da hannu har ta gamsar da su, sannan su auna ta su faɗaɗa zuwa girman gaske. Aikin da manhajar zane ta kwamfuta ke yi yanzu, wannan guntun katakon ne yake yin sa a da.

Labarin da ya fi dacewa da matashin da ke kukan rashin kayan aiki shi ne na fursunonin yaƙin Faransa. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, Birtaniya ta tsare dubban sojoji da matuƙan jiragen Faransa a wurare irin su sansanin Norman Cross da aka buɗe a 1797 kusa da garin Peterborough. Wasu daga cikinsu suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, su wanke, su sassaƙa, su haɗa jiragen yaƙi da ke da bindigogi da igiyoyi cif-cif, su sayar wa mutanen gari. Ba su da shago, ba su da wutar lantarki, ba su da bidiyon koyarwa. Abin da suka yi da ƙashi yana nan a gidajen tarihi har yanzu, kuma masu tara kayan tarihi suna sayen irinsa da tsada.

Lissafin da ke ɓoye a cikin ƙaramin jirgi

Darasi mafi girma yana zuwa ne ranar da mai koyo ya ɗora jirginsa a kan ruwa. Ya bi zane daidai, bai ƙara komai ba, bai rage komai ba, amma iska na kaɗawa jirgin ya kife. Nan take zai zargi hannunsa. Laifin na lissafi ne.

A ɗauki ma'aunin 1:50. Tsawon jirgi ya ragu sau 50. Faɗin filafilai kuwa, da yake tsawo ne a ninka da faɗi, ya ragu sau 50 sau 50, wato sau 2,500. Amma girman gangar jiki da nauyinta sun ragu sau 50 sau 50 sau 50, wato sau 125,000. Ke nan idan aka kwatanta da nauyinsa, ƙaramin jirgin yana ɗauke da filafilan da suka ninka na babban sau 50, alhali iskar da ke kaɗawa a bakin tafki ba ta ragu da komai ba. Shi ya sa masu yin samfurin da zai yi tafiya a ruwa suke ƙara masa doguwar ƙafa a ƙasa mai nauyi a bakinta. Jiragen tsere da ake sarrafawa da rimot, irin ajin da ake kira International One Metre, tsawonsu mita ɗaya ne, nauyinsu ba ya gaza kilo 4, kuma mafi yawan nauyin yana can ƙasa cikin ruwa.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a jirgin ruwa ba. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ƙaramin jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto yake tashi cikin sauƙi, amma idan aka ninka girmansa sau biyu, faɗin da farfelarsa ke sharewa ya ninka sau huɗu, nauyinsa kuwa ya ninka sau takwas. Ɗalibi zai iya haddace wannan domin jarrabawa ya manta bayan mako guda. Wanda ya ga aikin wata uku ya kife a cikin baho ba zai manta ba har abada.

Sarakuna ma sun biya kuɗin wannan darasi. Ranar 10 ga Agusta, 1628, jirgin yaƙin Vasa na ƙasar Suwidin ya tashi daga Stockholm a tafiyarsa ta farko, ɗauke da manyan bindigogi 64. Bai yi tafiyar da ta wuce kimanin mita 1,300 ba iska ta karkatar da shi, ruwa ya kwararo ta tagogin bindigogin da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban jama'a, mutum kusan 30 suka mutu. Nauyinsa ya yi yawa a sama, ya yi kaɗan a ƙasa. An ma ga alamar haka tun kafin tafiyar: an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan domin gwaji, aka dakatar da su bayan zagaye uku saboda jirgin yana neman kifewa. Duk da haka aka bar shi ya tashi. An ciro shi daga ruwa a 1961, kuma a gidan tarihin da aka gina masa akwai samfurinsa a ma'aunin 1:10 kusa da shi.

Wanda ya mayar da ƙananan jirage kayan binciken kimiyya shi ne injiniyan Ingila William Froude. A farkon shekarun 1870 ya gina doguwar kwatarniyar gwaji a garin Torquay, inda yake jan samfura a ruwa yana auna yadda ruwan ke turje musu. Ya nuna cewa idan ana so taguwar ruwan da samfuri ke tayarwa ta yi daidai da ta babban jirgi, sai a rage gudunsa bisa ƙa'ida: samfurin 1:25 ya yi kashi ɗaya cikin biyar na gudun babban, samfurin 1:100 ya yi kashi ɗaya cikin goma. Jirgin da zai yi kilomita 30 a awa, samfurinsa na 1:25 kilomita 6 zai yi. Har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, cibiyoyi irin su MARIN da ke Wageningen a ƙasar Holan suna gwada samfura a ruwa kafin a kashe miliyoyin daloli wajen ƙera manyan jirage. Idan manyan injiniyoyin duniya ba su daina ba, babu dalilin da matashi zai ji kunyar farawa.

Abin da hannu ya sani

A fuskar waya kusan kowane kuskure yana da magani nan take. An rubuta ba daidai ba, a goge. Hoto bai yi kyau ba, a sake ɗauka. An faɗi a wasa, a sake farawa. Wannan sauƙi alheri ne, amma yana saba wa mutum da yin abu kafin tunani. Katako ba shi da maɓallin komawa baya. Wanda ya yanke milimita biyu fiye da kima sai dai ya nemo wani katakon.

Rufe gangar jirgi da siraran katako shi ne inda mafi yawan masu koyo suke gane wannan. Jirgi yana da faɗi a tsakiya, ya tsuke a goshi. Idan tsakiyar tana da santimita 10 daga ƙashin baya zuwa sama, kuma za a rufe ta da katako 20, kowanne zai zama milimita 5. Amma a goshi, inda wurin bai fi santimita 6 ba, katako 20 ɗin nan ne dai za su wuce, saboda haka dole kowanne ya sirance zuwa milimita 3. Wanda bai yi wannan lissafi ba tun farko zai kai rabin aiki ya tarar katakon suna hawa kan juna, babu wurin sauran. Sannan busasshen katako ba ya yarda ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Sai an jiƙa shi a ruwan zafi, a lanƙwasa a hankali, a ɗaure, a bar shi ya bushe a haka. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan teburi maganar ba ta buƙatar fassara.

Bayan gangar jiki sai igiyoyi. Jirgin HMS Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, kuma yake ajiye a Portsmouth har yanzu, igiyoyinsa sun kai kusan kilomita 42 idan aka jera su. Wanda zai kwaikwaye su duka a ma'aunin 1:100 yana buƙatar zare kusan mita 420, kuma kowane zare yana da inda ya fito, da inda ya nufa, da aikin da yake yi. Wasu suna riƙe ginshiƙi kada ya faɗi, wasu suna ɗaga filafili, wasu suna juya shi ya fuskanci iska. Akwai kuma tsarin da dole a bi: a fara da na ciki kafin na waje, in ba haka ba hannu ba zai ƙara shiga ba. Duk wanda ya taɓa buɗe waya ya tarar sai ya cire abu biyar kafin ya kai ga batir ya san irin wannan tunani. Mai gyaran waya, mai haɗa sola, mai rubuta manhaja, dukkansu da shi suke cin abinci: fahimtar yadda sassa suka dogara da juna, da sanin abin da zai zo kafin wani.

Hujjojin masu suka

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Ta farko ita ce tsada. Gaskiya ne, manyan kwalayen da ake shigowa da su sukan kai ɗaruruwan daloli, ga kuɗin aikowa, ga canjin kuɗi da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Matashin da ke lissafin kuɗin data ba zai iya wannan ba, kuma bai kamata a ruɗe shi ba. Sai dai kwali saukakawa ce kawai. Ana yin samfuri mai kyau da kwali mai kauri, da tsinken askirim, da tsinken sakace, da gora, da ragowar katako daga wurin kafinta, da zaren ɗinki da aka shafa wa kakin zuma domin ya kwanta. Kayan aikin farko reza ce, da rula ta ƙarfe, da samfefa, da gam na katako, da matsefata. Yaran da suka taso suna haɗa motar kara da motar gwangwani da langa-langa sun riga sun san rabin aikin. Abin da ya rage musu shi ne rula da zane, wato su tashi daga kintace su koma awo.

Ta biyu ita ce nisa da teku. Me ya haɗa ɗan Kano ko Damagaram da jirgin yaƙin Ingila? Amsa ita ce babu wanda ya wajabta masa jirgin Ingila. A 1987, wani makiyayi da ke haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka haƙo shi, bincike ya nuna ya haura shekara 8,000, wanda ya sa ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Tsawonsa mita 8.4 ne. A ma'aunin 1:24 zai zama santimita 35 daidai, kuma da yake daga gungume ɗaya aka fafe shi, ya dace da aikin farko na mai koyon awo da sassaƙa. Mai son filafili kuma yana da jiragen gargajiya na gabar Afirka ta Gabas, irin na Lamu da Zanzibar, da na kogin Nilu, masu filafili ɗaya mai kusurwa uku. Irin waɗannan jiragen katako ne suka riƙa tsallakar da alhazan Afirka ta Yamma da suka bi ta ƙasa, daga gabar Sudan zuwa Jidda ta Bahar Maliya. Igiyoyinsu kaɗan ne, siffarsu kyakkyawa ce, kuma kamfanonin Turai ba su cika yin kwalayensu ba. Fili ne a buɗe ga wanda zai shiga.

Ta uku ita ce ta masu cewa zamani ya wuce nan: firintar 3D za ta fitar da jirgi cikin 'yan awoyi, manhaja za ta zana shi cikin daƙiƙa. Haka ne, kuma masu wannan sana'a da kansu suna amfani da firintar wajen yin ƙananan sassa kamar bindigogi da anga. Amma firinta abin da aka ba ta take fitarwa. Wanda bai san dalilin da ya sa katako ke sirancewa a goshi ba, ko dalilin da ya sa nauyi ke zama a ƙasa, zai buga kuskurensa ne kawai cikin sauri da tsabta. Na'ura tana ƙara wa mai sani ƙarfi. Marar sani kuwa sai ta ƙara masa yawan shara.

Ta huɗu ita ce tambayar da iyaye za su fara yi: nawa ake samu? A nan gaskiya ta fi. Idan aka raba kuɗin da za a sayi samfuri da yawan awoyin da ya ci, da wuya lissafin ya burge kowa. Wanda ke neman kuɗin gaggawa ya nemi wata hanyar. Ribar tana cikin abin da ya rage a hannu da ƙwaƙwalwa bayan an gama: iya karanta zanen fasaha, iya aiki da milimita, da jure wa aiki mai tsawo. Masu zanen gine-gine suna buƙatar masu haɗa samfurin gini. Masu koyon kafinta, walda, gyaran na'urori da zanen kwamfuta duk suna tsayawa a kan wannan tushe.

Inda waya ta shigo

Babu buƙatar a jefar da waya kafin a kama wannan aiki. Hasali ma, ba a taɓa samun zamanin da ya fi wannan sauƙin koyonsa ba, kuma waya ce sila. Gidajen tarihi irin na Greenwich sun ɗora hotunan dubban zane-zanen jirage da samfura a intanet. Littafin zanen jirage na Fredrik Henrik af Chapman, injiniyan Suwidin, wanda ya fito a 1768, yana samuwa kyauta. Akwai bidiyoyin da ke nuna kowane mataki a hankali. Mai kwamfuta zai iya zana sassan jirginsa da FreeCAD ko Blender, waɗanda duka kyauta ne.

Wayar kanta kayan aiki ce a kan teburi. Kalkuletarta ce ke raba awo. Kyamararta tana ganin abin da ido ya saba da shi har ya daina gani: a ɗauki hoton jirgin daga goshi, a juya hoton hagu zuwa dama, duk wata karkata za ta fito fili. A zuƙo hoto a ga inda gam ya yi yawa. Idan an ɗauke wuta, fitilarta ta isa a ci gaba, domin reza da samfefa ba sa buƙatar caji. Bambancin shi ne wayar ta koma mai yi wa mutum hidima a kan aikin da ya zaɓa, maimakon ita ce ke zaɓa masa abin da zai kalla.

Ga mai son gwadawa, akwai 'yan abubuwan da za su rage masa wahala. Kada ya fara da Victory ko Cutty Sark. Jirage masu ginshiƙi uku su ne suka fi cika kabad da aikin da ba a gama ba. Ya fara da kwalekwale ko jirgi mai filafili ɗaya wanda zai kammala cikin 'yan makonni, domin gama ƙaramin aiki ya fi koyarwa a kan barin babba a rabi. Idan ya kai zane shagon buga takardu, ya auna abin da aka buga da rula kafin ya yanka komai, saboda firinta takan rage zane domin ya shiga takarda, ma'auni ya lalace ba a sani ba. Ya kula da yanayi: katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, saboda haka wanda aka manna yana da danshi zai iya buɗe baki idan iskar hunturu ta busa. A bar katako ya bushe sosai, a shafe jirgin da man kare katako ciki da waje. Wajen yanka, reza ta riƙa nisantar yatsu. Wajen ƙara nauyi a ƙasan jirgi, a yi amfani da ƙusoshi ko notunan ƙarfe, a bar darma, domin guba ce, musamman a gidan da ke da yara.

A ƙarshe

Ana yawan magana a kan buƙatar matasa su shiga harkar fasaha, amma sau da yawa abin da ake nufi shi ne su iya danna abin da aka ƙera a wata ƙasa. Ƙasashen da ke ƙera wayoyin nan sun tara mutanen da suka saba da awo, da zane, da haƙurin maimaita abu har ya yi daidai. Irin wannan sabo ba a sauke shi daga intanet. Ana gina shi ne da kaɗan-kaɗan, kamar yadda yayyafi ke cika kogi.

Ƙaramin jirgin katako ba zai magance rashin aikin yi ba, ba zai kawo wutar lantarki ba. Abin da zai yi shi ne ya ba matashi hujja, wadda zai iya ɗauka a hannu ya juya ta kowane gefe, cewa ya karanta zane, ya yi lissafi, ya yi kuskure, ya gyara, ya kai aiki ƙarshe. Wanda ya saba ba bidiyo awa biyu kowane dare, idan ya ware rabin awa daga ciki ya ba teburi da rula, kafin damina ta zagayo zai kasance yana da jirginsa. Idan ya ga dama ya ɗauki aikin a bidiyo, ya matse watannin cikin minti ɗaya, ya ɗora. A wannan karon hannayen da ke kan teburin nasa ne.